In Inji Ya Mutu a Sama

In mota ta lalace a hanya, abin da sauƙi. Direba ya raɓe gefen titi, yaron mota ya diro ya tokare ƙafa da katako, fasinjoji su sauka su nemi inuwa, a buɗe inji a duba. Ko da an kwana a daji, gari zai waye. Matuƙin jirgin sama ba shi da gefen titi, balle mai tuƙa ƙaramin jirgi, irin mai inji guda da farfela guda a hanci, wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu ko huɗu. In injin nan ya yi shiru babu na biyu da zai karɓa, babu mataimaki a gefe, babu makaniki. Daga shi sai jirginsa, sai 'yan mintocin da suka rage masa.

Mutane da yawa suna tsammani da inji ya mutu sai jirgi ya faɗo kamar dutse. Ba haka ba ne. Fukafukai ke riƙe da jirgi a sama, su kuwa ba abin da su ke bukata sai iska ta riƙa wucewa ta kansu da sauri. Aikin inji shi ne ya ja jirgi gaba. In ya daina, sai matuƙi ya sunkuyar da hancin jirgin kaɗan, nauyin jirgin ya karɓi aikin, kamar mai keke da ya daina taka feda a gangara. Akwai wani ƙaramin jirgi da a ke kira Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera fiye da 40,000 irinsa. In injinsa ya mutu, kowace ƙafa 1,000 da ya sauko ya kan ci gaba kamar mil ɗaya da rabi. Watau wanda ke ƙafa 5,000 bisa ƙasa yana da kamar mil 8 a gabansa, da minti 7 ko kusa da haka. Nisan da jirgi ya hau shi ne guzurinsa, kuma ba a ƙara shi in an fara ci.

Babban haɗarin yana cikin zuciyar matuƙi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mutum ya ga ƙasa tana tasowa, sai hannunsa ya janyo sandar tuƙi don ya ɗaga hancin jirgi, ya hana shi sauka. Da hanci ya ɗaga sai gudu ya ragu, da gudu ya ragu ƙwarai sai fukafukai su saki. In fiffike ɗaya ya riga ɗan'uwansa saki, jirgin ya kife ta wannan gefen, ya dinga juyawa yana gangarowa, hanci a ƙasa, kamar yaro mai wasan hajijiya. A farkon zamanin jiragen sama, wanda ya shiga wannan hajijiya sai a fara yi wa iyalinsa ta'aziyya, gama ba wanda ya san mafita.

A cikin watan Agusta na 1912 sojan Ingila suka shirya gwajin jirage a wani fili da a ke kira Larkhill. Wani hafsan sojan ruwa, Laftanan Wilfred Parke, yana saukowa da jirgin Avro bayan doguwar tafiya, sai jirgin ya kife hagu ya shiga hajijiya, tsakaninsa da ƙasa kamar ƙafa 700. Parke ya yi duk abin da hankali ke ba mutum. Ya ƙara wuta, ya janyo sanda, ya karkata wutsiyar jirgin wajen da ya ke juyawa, abin sai ƙaruwa ya ke yi. Da ƙasa ta matso, dabara ta ƙare, sai ya taka wutsiyar zuwa dama, watau ya saɓa wa juyin. Nan take jirgin ya miƙe, saura kamar ƙafa 50 ya bugi ƙasa. Masana da ke filin suka zaunar da shi suka yi ta yi masa tambaya, aka rubuta abin da ya yi daki-daki aka buga a jarida. Har yau taka wutsiya ta saɓa wa juyi ita ce tushen fita daga hajijiya, sai dai an ƙara da cewa a rage wuta, a kuma tura sanda gaba.

Parke bai daɗe ba. A watan Disamba na wannan shekara ya tashi daga Hendon da wani jirgi wanda injinsa ba ya ja sosai, ya yi kwana a kusa da ƙasa, gudu ya ƙare masa, ya faɗi a Wembley, shi da abokin tafiyarsa suka mutu. Abin da ya kashe shi ya kashe matuƙa da yawa a bayansa, kuma daga irin wannan aka sami wata doka mai ɗaci. In inji ya mutu jirgi bai daɗe da barin ƙasa ba, kada matuƙi ya juya ya koma filin da ya baro, ko da ya ke filin nan shimfiɗaɗɗe yana bayansa yana kiransa. Juyawa tana cin guzuri, tana kuma sa fukafukai su saki da wuri, ga shi wanda ya juya iska ta koma bayansa tana ƙara masa gudun sauka. Gara ya sauka a abin da ke gabansa, ko gona ce ko fadama.

A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, samari masu yawa sun mutu a filayen koyo tun ba su ga abokin gaba ba. A 1917 wani Manjo Robert Smith-Barry ya buɗe makaranta a Gosport, a kudancin Ingila, ya juya koyarwar gaba ɗaya. Da, malami ya kan tsare almajiri daga duk abin da ke da haɗari. Smith-Barry ya ce a kai shi cikin haɗarin da gangan, can sama inda akwai sarari, malami yana tare da shi, kowa da sandar tuƙinsa. A sa jirgi hajijiya a nuna masa mafita, a kashe masa wuta ba tare da an faɗa masa ba a ce ya nemi wurin sauka, a yi ta maimaitawa har hannunsa ya riga tsoronsa. Suka sa wani bututun roba daga bakin malami zuwa kunnen almajiri, don su ji juna cikin ƙarar inji. Makarantun tuƙin jirgi na duniya sun gaji wannan hanya, har da ta Zariya wadda aka kafa a 1964.

Abin da a ke cusa wa almajiri yana da tsari, kuma tsarin ne ke ceto. Da fari ya riƙe jirgi, ya daidaita hanci a kan gudun da zai kai shi nesa. Sa'an nan ya zaɓi wurin sauka, ya duba hayaƙi ko ƙura don ya san inda iska ta nufa, domin ana so a sauka ana fuskantarta. In gona ce, ya bi tsawon kunya, kada ya gicciye ta. Sai bayan wannan ya nemi abin da ya sami inji. Sau da yawa abin ba babba ba ne. Ko tankin fiffike ɗaya ya ƙare alhali ɗayan yana cike, ba a juya famfo ba. Ko ruwa ya shiga fetur, abin da ya sa matuƙin kirki ya kan tsiyayi mai kaɗan daga ƙarƙashin fiffike a kwalba ya duba kafin ya tashi, gama ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa ya ke kwanciya. Ko kuwa ƙanƙara ta toshe kafireto. Mai karatu zai yi mamakin ƙanƙara a cikin inji mai zafi, amma wanda ya san yadda randa ke sanyaya ruwa ya san asirin. Fetur yana zama tururi a maƙogwaron kafireto, wurin ya yi sanyi ƙwarai, danshin da ke cikin iska ya daskare a nan, ko da rana mai ɗumi ce. Akwai wani maɓalli da ke turo iska mai zafi ta narkar da ita. In duk an gwada inji ya ƙi, sai a rufe mai, a kashe wuta, a ƙara ɗaure ɗamara, a zare sakatar ƙofa don kada ta maƙale in jikin jirgi ya lanƙwashe. Ƙaramin jirgi ya kan taɓa ƙasa da gudun da bai fi na babbar mota a kan kwalta ba, kuma kowane mil da aka rage yana da daraja, domin in gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa huɗu ya ke yi.

Duk wannan ya dogara ga abu biyu, matuƙi ya ga ƙasa, kuma in ya sauka a san inda ya ke. Labarin Kyaftin Bill Lancaster labarin mutumin da ya rasa duka biyun ne.

Lancaster Baturen Ingila ne, an haife shi a 1898, ya yi sojan sama. Ba baƙon wahala ba ne a ƙaramin jirgi. A watan Oktoba na 1927 ya tashi daga Landan da wata mace 'yar Ostareliya, Jessie Miller, suka yi wata biyar a hanya kafin su isa Darwin, har jirginsu ya taɓa kifewa da su a wani tsibiri kusa da Sumatra, aka gyara suka ci gaba. Daga baya al'amura suka dagule masa. A 1932 aka tuhume shi da kisan kai a Miami ta Amurka. Kotu ta wanke shi, amma suna ya riga ya ɓaci, ba mai ba shi aiki. Sai ya ga ba abin da zai mayar masa da mutuncinsa sai ya yi wani abin bajinta. A watan Nuwamba na 1932 wata Baturiya, Amy Johnson, ta tashi daga Ingila ta ƙetare Sahara ta isa Kef Tawun, a ƙurewar kudancin Afirka, cikin kwana 4 da kusan awa 7. Lancaster ya ƙudura zai fi ta sauri. Jirgin da ya samu, wani Avro Avian mai fukafukai biyu sama da ƙasa, bai kai nata gudu ba. Ba shi da wata hanyar cike wannan giɓi sai ya rage barci.

Ya tashi daga Lympne da asubar 11 ga Afrilu, 1933. Iska ta tsare shi a Faransa da Sifen, ya ƙetare teku ya sauka Oran, ya nausa cikin hamada, ya ɓata hanya cikin ƙura fiye da sau ɗaya. Ran 12 ga wata ya sauka a Reggan, wani zango a kudancin Aljeriya inda motocin ƙetare Sahara ke shan mai. A lokacin ya makara da kamar awa 10, ya kuma yi kamar awa 30 bai runtsa ba. Gabansa akwai Tanezruft, shimfiɗar tsakuwa da rairayi wadda ko ayarin Buzaye ke shakkarta, babu rijiya, babu itace, kamar mil 750 kafin a kai Gawo a bakin Kwara. Bafaranshen da ke kula da zangon ya roƙe shi ya kwana. Ya ƙi. Da mutumin ya ga ba zai tsaya ba, sai ya ba shi tocila da ashana, domin ko fitilar duba kamfas babu a jirgin, ya kuma yi masa alkawari in ba a ji labarinsa daga Gawo ba zuwa maraicen gobe zai tura mota ta bi hanya, shi kuwa ya kunna wuta don a gan shi. Wayar iska babu ita a jirgin.

Ya tashi gab da faɗuwar rana. Bai cika awa biyu a sama ba inji ya yi tari, ya sāke yi, ya mutu. Duhu ya rufe, wata bai fito ba tukuna. Lancaster ya yi abin da aka koya masa, ya riƙe gudu, yana lallaɓa jirgin ƙasa a hankali. Amma ba ya ganin inda sama ta ƙare ƙasa ta fara, ga jirgi cike da mai. Ƙasa ta same shi tun bai shirya ba, jirgin ya yi tsalle ya kife, ƙafafu a sama. Da ya farfaɗo ya ga goshinsa da hancinsa sun tsage, jini ya rufe masa ido, amma ba ƙashin da ya karye. Ya rarrafo ya fito. Tankin ruwansa bai fashe ba, akwai kamar galan biyu a ciki, ya lasafta zai kai shi mako guda in ya yi tsimi.

Abin da ya faru daga nan an san shi ne domin ya rubuta shi da hannunsa, kowace rana, a cikin littafin da matuƙa ke rubuta tafiye-tafiyensu. Da rana ya kan kwanta a inuwar fiffike, ba ya motsi, don kada gumi ya cinye ruwan jikinsa. Da dare sanyi ya kan kama shi har ƙashi. Ya yayyage yadin da aka lulluɓe jirgin da shi, ya naɗe, ya tsoma a fetur, ya riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya cikin dare, yana duban gabas inda hanyar mota ta ke. Ya yi ta lissafin inda masu nema za su kai yau, da inda za su kai gobe. Zuciyarsa ta raya masa ya taka zuwa hanya, ya hana kansa, domin ya yi alkawari ba zai rabu da jirgin ba, kuma ya san jirgi ya fi mutum saurin ganuwa daga sama. Ya rubuta wa mahaifiyarsa, ya rubuta wa Jessie Miller. Ba a ga inda ya ɗora wa wani laifi ba.

An neme shi kuwa. Mota ta bi hanya, jiragen Faransa suka tashi. Amma masu nema sun ɗauka ya yi nisa, sai suka fi ba da ƙarfi can kudu wajen Gawo, alhali yana kwance kamar mil 170 kudu da Reggan, ya kuma kauce wa hanyar mota da kamar mil 40, nisan da ba mai hango wutar tsumma. Daga ƙarshe ya naɗe littafin a ƙyalle ya ɗaure a jikin fiffike. Saƙonsa na ƙarshe a kan wata 'yar takardar shan mai ya rubuta shi, da safiyar kwana na takwas, 20 ga Afrilu, ruwa ya ƙare. Shekararsa 35.

Shekara 29 ba wanda ya bi ta wurin. A cikin wannan tsakani Reggan ta zama sansanin soja, inda Faransa ta fara gwada bom ɗin atom a 1960, gwajin da ya sa Nijeriya ta kori jakadan Faransa a farkon 1961. A watan Fabrairu na 1962 wasu sojan Faransa masu sintiri da mota suka hango wani abu a fili, suka matsa, suka tarar da ƙarafan jirgi a kife, da gawar mutum wadda busasshiyar iska ta adana, tabon yana nan a goshi, littafin yana ɗaure inda ya bar shi. Aka binne shi a Reggan, aka kai wa Jessie Miller littafin. Abin da ya rage na jirgin an kwaso shi a 1975, yana gidan ajiye kayan tarihi a Brisbane ta Ostareliya.

In za a yi wa Lancaster adalci, daga sa'ad da injinsa ya mutu bai yi wani kuskuren da za a kama shi da shi ba. Kuskurensa a ƙasa ya yi shi, a Reggan, da ya hau jirgi mai inji guda ya shiga hamada da dare, da idon da ya kwana biyu bai rufu ba. Da rana ce, Tanezruft fili ne shimfiɗaɗɗe, da wuya a rasa inda za a ajiye ƙaramin jirgi lafiya, kuma mai gani ba zai yarda ya rabu da sawun motoci ba. Amma mutumin da ke ganin wannan tafiya ita ce damarsa ta ƙarshe a duniya ba ya jin shawarar mai zango.

Bayan shekara biyu da 'yan watanni, hamada ta karɓi wasu baƙin. Wani Bafaranshe matuƙi kuma marubuci, Antoine de Saint-Exupéry, da makanikinsa André Prévot, suka tashi daga Faris za su Saigon, su ma suna neman su fi kowa sauri. Cikin daren 30 ga Disamba, 1935, bayan fiye da awa 19 da tashinsu, suna cikin gajimare, ba su san iska ta rage musu tafiya ba. Matuƙin ya ɗauka ya wuce kogin Nilu, ya sauko ƙasa-ƙasa yana neman fitilun Alƙahira, sai jirgin ya bugi tudu da cikakken gudu, inji yana aiki lafiya lau. Ikon Allah, jirgin ya ja ciki a kan tsakuwa, suka fito da ransu. Abin shan da ya tsira bai wuce na yini guda ba. Su ba su zauna ba, suka taka, har suka fara ganin abin da babu, a rana ta huɗu wani Balaraben ƙauye a kan raƙumi ya tsince su ya ba su ruwa.

To, ga wanda ya zauna ya mutu, ga waɗanda suka taka suka rayu. Duk da haka abin da a ke koya wa matuƙa bai sāke ba, a zauna wurin jirgi. Faransawan nan biyu sun faɗi a gefen hamadar Masar ne, inda makiyaya ke wucewa, ba su kuwa san haka ba, sa'a ce ta kai su. Mai rauni da ya bar inuwa a Tanezruft da galan biyu, ba ya sanin ko mil 20 ne gabansa ko 40, da wuya ya ga rana ta uku.

Haɗarin su Saint-Exupéry ya nuna wani abu kuma, cewa duhu da gajimare su kan kashe jirgin da ba abin da ya same shi. Jikin mutum yana sanin sama da ƙasa ta wurin ido da wani ruwa da ke can cikin kunne. In ido ya daina ganin ƙasa, kunne ya kan yi ƙarya, jirgi yana karkata matuƙi yana jin daidai ya ke. A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba a koya musu tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba. Aka rufe musu ganin waje, malami yana gefe. Dukansu jirgi ya ƙwace musu, in an raba daidai cikin daƙiƙa 178, watau ko minti uku ba a cika ba. Maganin da aka koya musu ba wuya gare shi: wanda ya faɗa cikin gajimare, ko hazo mai kauri irin na hunturu, ya gaskata agogo ya ƙaryata jikinsa, ya juya a hankali ya koma inda ya fito, gama can ne ya tabbata akwai haske.

Saura abu na biyu da Lancaster ya rasa, watau murya. Tun 1923 wani ma'aikacin wayar iska a filin jirgin Croydon, Frederick Mockford, ya zaɓi kalmar da matuƙi zai faɗa in rai yana cikin haɗari. Da ya ke yawancin jiragen filin tsakanin Landan da Faris su ke zirga-zirga, sai ya ɗauko ta daga Faransanci, inda ta ke nufin a taimake ni. Ita ce Mayday, ana faɗinta sau uku a jere, ƙasashen duniya kuma suka amince da ita a 1927. Wanda ya ji ta, kowace magana ya ke yi sai ya yi shiru ya ba da hanya. Amma a wancan zamani akwatin wayar iska nauyi gare shi, masu ƙananan jirage su kan bar shi don su ɗauki ƙarin mai. Ko da ya zama ruwan dare daga baya, an ajiye kira a ƙarshen tsari, bayan riƙe jirgi da zaɓen wurin sauka, domin na ƙasa ba shi da igiyar da zai miƙo.

Wayar iska kuma ba ta da amfani ga wanda ya suma, ko wanda duwatsu suka kewaye. A watan Maris na 1967 wani ƙaramin jirgi ya faɗi a duwatsun arewacin Kalifoniya da mutum uku, miji da mata da 'yar matar budurwa. Duka sun fita da rai. Uwar da 'yar suka yi ta rubuta abin da ke faruwa, kamar yadda Lancaster ya yi, har kwana 54, suna jin jirage suna wucewa ta kansu. Sai bayan rabin shekara wani maharbi ya tsinci wurin, ba sauran mai rai. Da aka buga rubutun nan a jaridu hankalin mutanen Amurka ya tashi, a 1970 majalisarsu ta yi doka cewa ƙananan jirage su riƙa ɗaukar wani ɗan akwati mai batir, wanda in jirgi ya bugi ƙasa zai kunna kansa ya yi ta kuka ta wayar iska.

Kukan ba ya zuwa nesa, sai in wani jirgi ya bi ta kusa. Don haka ƙasashe huɗu, Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Sobiyat, suka haɗa kai, ko da ya ke a lokacin Amurka da Sobiyat ba sa ga maciji, suka sa kunnuwa a jikin taurarin ɗan'adam masu kewaya duniya. Dabarar gano wuri kuwa kowa ya taɓa jin irinta: ƙahon jirgin ƙasa ya kan yi tsini in yana tahowa, ya yi kauri in ya wuce. Haka kukan akwatin ke sāke murya a kunnen tauraro, daga nan a lasafta inda ya fito. An harba tauraro na farko, na Sobiyat, a watan Yuni na 1982. A watan Satumba wani Cessna ya faɗi a duwatsun British Columbia, a yammacin Kanada, da mutum uku waɗanda su ma neman wani jirgin da ya ɓata suka fita. Tauraron ya ji su, ya miƙa wa wata tasha kusa da Ottawa, washegari masu ceto suka sauka a kansu, aka ɗauko su duka uku da raunuka amma da rai.

Tun daga ran nan wannan shiri, wanda a ke kira Cospas-Sarsat, ya taimaka an ceci fiye da mutum 50,000 a tudu da teku. Akwatunan yanzu su kan faɗi lambar jirgin da ke ɗauke da su, da yawansu kuma har da wurin da su ke, cikin 'yan mintoci. Wasu ƙananan jirage ma, tun daga 1998, ana ƙera su da babbar laima a naɗe a bayansu, wadda in abu ya gagara matuƙi zai ja hannu ta buɗe, ta sauko da jirgin da mutanen cikinsa gaba ɗaya. Daga cikin tashoshin da ke sauraron taurarin nan dare da rana, akwai ɗaya a garin Wargala, cikin Saharar Aljeriya, arewa maso gabas da Reggan.